Ƙorafin Malam Zulkiflu Mai Shinkafa da Wake

Ni na buga masa takardar, shi ya sa na fi kowa sanin maganar. Shagona na buga takardu yana nan wajen Ƙofar Kibo, yana kallon makarantar sakandaren da Malam Zulkiflu ya shekara goma sha ɗaya yana sayar da shinkafa da wake a bakinta.

Kakansa ya yi alƙalanci, kuma ba ka minti biyar da shi bai gaya maka ba. Shi kuwa karatu ya gagare shi, aikin gwamnati bai samu ba, sai tukunya. Amma da babbar riga yake zuba abinci, hannun rigar na lasar mai da yaji. Sabulu kuwa, ya ce mai alwala sau biyar ba ya bukatarsa. In ka ga farcensa, wallahi sai ka ajiye cokali.

Da wata bazawara daga Gyallesu, Tayyiba, ta kafa kaskon awara kusa da shi, ɗalibai suka fara komawa wajenta, sai hankalinsa ya tashi. Ya zo shagona ya ce in rubuta wa duba-gari cewa ƙazamai sun cika bakin makaranta, a zo a gwada kowa, a kori mai cuta. Har ya sa na ƙara masa "cikin gaggawa" da manyan baƙaƙe.

Aka zo kuwa. Aka raba wa masu abinci ashirin da uku 'yan robobi, kowa ya kawo bayan gidansa. Tara aka samu da tsutsar ciki, har da Tayyiba. Jikan alƙali kuwa iri biyu aka samu a cikinsa, babu wanda ya kai shi.

Abin ma ba wuya. Duba-gari ya ce kowa ya zo zauren mai unguwa ya karɓi ƙwaya, bayan sati biyu a sake gwaji, wanda ya fita a ba shi takardar shaida ya koma wurinsa. Wanda bai zo ba, wurin ya tashi daga hannunsa. Tayyiba ta haɗiye tata a tsaye, ta yanke farce, ta sayi bokiti mai famfo. Malam ya ce an musanya masa roba ne da ta wani baƙauye.

"Ni zan bi layi da masu awara? Gidanmu ba mu gaji tsutsa ba."

Haushinsa ya kama ni ƙwarai, don bakuna bakwai ke ci daga tukunyar nan. Matarsa, Asama'u, ta roƙe shi har ta gaji. Ƙarshe ta sayi ƙwayar a kemis, ta daka, ta dama masa a koko bai sani ba. Ya sha, ya yi gyatsa. Amma gwaji na biyu, ko da wasa ya ƙi.

Wa'adi ya cika, aka ba wani mai taliya wurin.

Yanzu kullum yana zaune a zaure, ya yi ƙiba, yana gaya wa mutane murɗar cikin da ya shekara yana fama da ita ta tafi da kanta, bai sha maganin kowa ba. Jiya Asama'u ta shigo shagona, kanta a ƙasa, ta tambaye ni ko na san wanda zai sayi babbar tukunya.