Irin geron Kaka da darasin aji biyar

Shekaranjiya an yi wani ɗan yayyafi a Jibiya, irin wanda kan sauko a tsakiyar bazara ya kwantar da ƙura kawai ya wuce. Ina tsaye a bakin aji ƙamshin ƙasa ya buge ni. Kai mai karatu wataƙila daɗi kake ji in ka shaƙi wannan ƙamshi. Ni kuwa ban yarda da shi ba, kuma ina da dalili.

A hannun kakana na wajen uba na tashi, a wani ƙauye da ke tsakanin Jibiya da Riko. Kaka mutum ne da bai yarda da komai ba sai ya juya shi ya duba bayansa. In an kawo taki sai ya murza shi a tafin hannu. In baƙo ya cika fara'a, sai ya aika a ƙirga awaki. Abin da ya fi daraja a wurinsa shi ne irin geronsa. Kowace kaka da kansa yake bin gona yana zaɓen zangarnu masu cika, ya ɗaure su daban ya rataye can ƙuryar rumbu. Daga mahaifinsa ya gaje shi, gero ne mai saurin nuna, wanda ya saba da ƙarancin ruwanmu.

Boko ma da ƙyar ya bar ni na shiga. Ƙanensa yana zaune a ƙetaren iyaka, ta wajen Maraɗi, jikokinsa suna zuwa lakwal, wato bokon Faransanci na can. In sun zo ziyara Kaka yakan sa mu baje littattafanmu a tabarma, ya yi ta kallon hotuna duk da ba ya karanta ko ɗaya. Sai ya girgiza kai ya ce gona ɗaya, ruwa ɗaya, amma an ba yara littafi biyu, lalle akwai wanda ake yi wa wayo.

Ina aji biyar malaminmu ya zana mana jadawali a allo a darasin noma. Ya rubuta cewa damina tana farawa a watan Afrilu, kuma manomi mai hankali da ruwan farko yake shuka. Muka kwafa, muka haddace. Bayan kwana kaɗan sai ga yayyafi, a Afrilun kuwa. Na duba Kaka, yana zaune yana gyaran igiya kamar ba a yi komai ba. Wallahi tausayinsa na ji. Na ce a raina tsoho bai yi karatu ba, bari in taimake shi.

Ranar kasuwa da ya tafi Jibiya na hau rumbu, na sauke rabin irin nan, na sussuke, na ɗauki sungumi. Wuni guda na yi ina sara ina zubawa ina rufewa da ƙafa, ina jin kaina wani babban manomi. Gero ya tsiro, kore shar. Sannan rana ta dawo da ƙarfinta. Cikin mako guda komai ya ƙone ƙurmus.

Kaka bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Ya tambaye ni wa ya ce in yi, na nuna masa littafina. Washegari ya kama hannuna har makaranta.

“Malam, kana noma?” in ji Kaka.

“Ina taɓawa, Baba.”

“Ka yi shuka?”

Malam ya yi dariya. “Haba Baba, wa zai yi shuka yanzu?”

“To don mi ka ce ma yaro ya yi?”

Dariyar ta ɗauke. Malam ya ce ba shi ya ce ba, manhaja ce. Ya ɗauko wani kundi daga kabad ya yi bayani a natse: manhaja ita ce tsarin da hukuma ta shimfiɗa na abin da za a koya wa kowane yaro, a kowane aji, a kowane zango, tun daga bakin teku har nan bakin iyaka. Da ita ne yaron Jibiya zai iya zama jarrabawa ɗaya da yaron kowane gari. Kuma daga cikinta ake ciro tambayoyi.

Kaka ya karɓi kundin ya auna nauyinsa a hannu. “Wanda ya rubuta ta, ya taɓa yin damina a Jibiya?”

Malam ya ce bai sani ba.

A hanyar gida Kaka ya faɗi abin da ya daɗe yana zargi, wai an kafa makarantar nan ne don a raba yara da ƙasarsu. Ya ce daga ƙarshen zango na gama boko. Inna, matarsa, ta yi ta roƙo, ni kuma na yi kuka, don ina son makaranta kamar raina. Da ƙyar ya ce a jira jarrabawa a gani. Da ruwan gaske ya sauka a Yuni, sai da Kaka ya hau babur ya ƙetare iyaka ya roƙo iri wajen ƙanensa, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar jarrabawa tambayar ta fito ƙiri-ƙiri: a wane wata damina take farawa? Na daɗe riƙe da biro. Na ga tsiron nan da ya ƙone da idona, na san amsar gaskiya sarai. Amma na rubuta Afrilu. Na zo na ɗaya a aji.

Na kawo sakamako ina murna. Kaka bai ko kalli takardar ba.

“An tambaye ka maganar ruwa?”

“An tambaya.”

“Mi ka rubuta?”

Na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, “Shi ke nan. Ci gaba da bokonka.”

Na ɗauka na yi nasara. Sai da damina ta zagayo, muka fita shuka, na miƙa hannu zan ɗauki ƙwaryar iri, Kaka ya janye ta a hankali ya miƙa wa ƙanena. Har ya bar duniya bai ƙara barin hannuna ya taɓa irinsa ba.

Yau ni ma malami ne. Sai da na fara koyarwa na gano cewa manhajar ba ta ambaci wani wata ba, cewa ta yi a koya wa yara lokacin shuka a yankinsu. Littafin da aka aiko mana ne aka rubuta shi inda ruwa ke sauka da wuri, malaminmu kuma ya kwafa bai tambaya ba. An sauya manhaja ba sau ɗaya ba tun lokacin, an ƙara darussa, an rage wasu, kuma ba na musun amfaninta, domin ba don ita ba, da kowane malami abin da ya ga dama zai koyar. Amma duk shafin da zan kai aji sai na tambayi kaina wa ya rubuta shi, kuma a ina yake zaune.

Gonar tana hannun ƙanena yanzu. Kowace shekara ina zuwa ranar shuka. Yana girmama ni ƙwarai, yakan shimfiɗa mini tabarma a inuwa, ya sa a kawo mini fura, ya ce, “Yaya, huta abinka, kai malami ne.” Sai in zauna ina kallon 'ya'yansa suna zuba iri.