Yadda Na Shawo Kan Inna

Ingilishi nake koyarwa a kwaleji a Dogon Dutsi, kuma akwai kalmar da nake so in kai gare ta kowace shekara: convincing. Nakan gaya wa ɗalibai cewa da ita ake siffanta magana ko hujja mai shiga, wadda in ka ji ta za ka saki ra'ayinka ka kama na mai faɗin ta. Ana cewa bayani ya yi convincing, ko shaida, har ma da ƙarya in ta sha gyara. Ina faɗi ina yawo gaban allo, don a ganina duk Arewa ba wanda ya fi ni iya jera hujja.

A lokacin ne yanar ido ta rufe idanun Inna, mahaifiyata, can Matankari. Ta fara laluben kwarya, ta daina gane mutum sai ya yi magana. Lokotoro, wato likita, ya ce aiki ne mai sauƙi, a kawo ta kawai.

Ni ne ɗan farinta. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta duba fuskata, ba ta zama hira da ni gaban mutane. Haka muka taso, kuma ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba.

Ranar Asabar na hau babur na tafi da hujjojina a jere. Na kawo mata misalin tsohon da aka yi wa aiki har ya koma saƙar tabarma. Ta saurara tana fuskantar dangar gida, ta ce wa ƙanwata, "Ce mishi gaskiyatai."

Na dawo ina jin kaina. Ranar tafiya asibiti Inna ta ce sai an gama shuka. Na koma da sababbin hujjoji, aka ce gaskiyata, sai an gama noma. Daga nan sai an yanke hatsi. Kai jama'a! Kowace Asabar in ci nasara, in sha furar da aka dama mini da nono mai kauri, in komo ni kaɗai. Haushi ya ishe ni, ga tsoro kada ta faɗa wa murhu.

Wata Asabar na yi wa ƙanwata faɗa, na ce ba ta taimaka mini. Ta bi ni har bakin babur.

"Yaya, kai dai da karatu. Tun zuwanka na farko ta ɗaure kayanta. Da can sai salla muke ganin ka. In an gyara idon, mi za ya kawo ka?"

Wallahi na ji kunya. Ban shiga da wata hujja ba. Na zauna kusa da ɗakinta na ce wa ƙanwata, da ƙarfi, ni fa furar nan ta kama ni, ko da ido ko ba ido Asabar ina nan. Sati na zagayowa Inna ta shiga mota.

Bayan aikin, da aka kwance mata ƙyallen idon, lokotoro ya nuna ni ya ce, "Inna, wa ke nan tsaye?"

Ta dube ni. Ta daɗe tana duba na, har na rasa inda zan sa hannuwana. Sannan ta kau da kai.

"Wani mushen lakwal ne," in ji ta, wato malamin makaranta. "Ya rame."