Waken Matan Kolere A Ƙarƙashin Ɗanyun Fatu

Edita, ka ba ni fili in sauke abin da ya daɗe a ƙirjina. Lokacin da abin ya faru ina saurayi mai ji da kansa, na gama karatu na dawo Mubi, mahaifina ya tsufa ya damƙa min shagonsa na hatsi. Shekara da shekaru matan yankin Kolere ke kawo masa wakensu ya kai Kudu ya sayar musu, ba takarda, ba shaida, sunansa kawai suka riƙe. A can kuma akwai wata 'yar kasuwa da ba ta taɓa kwance buhunsa ta duba ba. Ni kuwa gani nake tsoho ya cika ɓarnar kuɗin mota.

Da damina ta kama, 'yar kasuwar nan ta aiko tana son wake cikin mako guda, wanda ke shagonmu kuwa na matan Kolere ne. Baba ya ce in ɗauki shatar ƙaramar mota, kayanmu kaɗai a ciki, a loda yau a tashi yau. Na je tasha, wani ɗan kamasho ya ja ni gefe ya nuna min tirela, ya ce haɗaka ake yi, kowa ya biya gurbin kayansa, kuma gobe da safe za ta ɗaga. Arha ta ruɗe ni. Na koma gida na ce wa Baba an gama komai, ban faɗa masa wace mota ba. Da yake namu ne zai sauka a ƙarshe, shi aka fara lodawa, can ƙasa. Na ga an jera buhuna, na kaɗe rigata na yi tafiyata.

Goben nan ta zama kwana tara. Motar haɗaka ba ta motsi sai ta cika, wannan ne ba wanda ya gaya min. Kullum ina tasha kamar marar gida, ina bin ɗan kamasho da magiya, shi kuwa sai ya ce in yi haƙuri, kaya na hanya daga Sahuda. Na roƙi a sauke min nawa, aka ce wa zai kwashe abin da aka riga aka ɗora a kai? Wallahi har durƙusa wa direba na yi, mutane na kallo. A gida Baba na tambaya ko mota ta wuce Yola, ina ce masa ta wuce.

Ranar da ta tashi na hau motar haya na riga ta isa Kudu. Ana yaye tamfol wari ya buge mu, har masu dako suka ja baya. Innalillahi! Ashe ɗanyun fatun shanu masu gishiri aka jibge a kan buhunanmu, ruwansu ya yi ta tsiyaya cikin zafi da danshi. Na yanka buhu, wake ya kumbura ya yi baƙi. Na yanka na biyu, na uku, ina cewa na tsakiya lafiya lau ne. Na shanya a rana, na tsince da hannuna, na roƙi matar ta karɓi ko rabi. Ta ɗebo ta shinshina, ta dube ni, sai ta tambaya a hankali ko Alhaji ya rasu ne, don in yana raye ba zai aiko mata da wannan ba. Nan na zauna a kan buhu na yi kuka kamar yaro. Direba ya ce shi tuƙi ne aikinsa, ɗan kamasho kuwa ya kashe waya.

Da na dawo na faɗa wa Baba gaskiya, bai ɗaga murya ba. Ya tambaye ni abu ɗaya, ko na tsaya na ga abin da aka ɗora a kan amanar mutane. Na kasa amsawa. Washegari ya sa na goya shi a babur muka shiga taɓon hanyar Kolere, gida gida yana cire hula yana ba mata haƙuri, yana cewa laifinsa ne. Wata tsohuwa ta ce ba komai Alhaji, amma ba ta ko kalle ni ba. Da kaka ta zagayo ina zaune a ƙofar shago na ga wakensu yana wucewa zuwa shagon wani a wani layi.

'Yan'uwana masu aika kaya, haɗaka ba haramun ba ce, tana da ranarta in kayanka kaɗan ne kuma ba ya lalacewa. Amma in abinci ne, ko an yanka maka rana, ko kayan wasu ne a hannunka, ka ɗauki shata ko da ƙaramar mota ce. In dole ta sa ka haɗaka, ka tambayi yaushe za ta cika, da wa za a haɗa ka, kuma kada ka gusa sai an ɗaure tamfol a gabanka. Ni na koyi wannan ne bayan na ɓata sunan mahaifina. Ya rasu bara, bai taɓa yi min gori ba ko sau ɗaya, kuma shirun nan nasa shi ne har yau yake ci na.