Ƙofar da Barau Ya Buɗe wa Ɓeraye

Daga Daudawa har Damari, in ka ga rumbun laka mai santsi kamar ƙwai, zaune bisa duwatsu, to hannun Malam Barau ne. Sana'arsa ke nan tun yana saurayi. Yakan goge cikin rumbu da bayansa da tafin hannu har sai farce ya rasa wurin kamawa, sannan ya ja da baya ya ce, "Ɓeran da ya shiga nan, sai dai in fiffike gare shi." Tarko kuwa, kullum akwai guda a aljihunsa.

Ciwon ya fara ne daga babban yatsa. Wata rana yana ɗora curin laka sai ya suɓuce. Bayan damina hannun ya bushe kamar karan dawa, ƙafafu suka bi. A asibiti aka ce jijiyoyin da ke kai umarni ga tsoka ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, hankali kuwa zai zauna garau yana kallo. Magani babu.

Ɗiyarsa Mansura tana aiki a wani ɗakin bincike a birni, kuma kan irin wannan ciwo suke aiki. Da ta zo gida ta zauna gefen tabarmarsa, sai ya sa ta gaba da tambaya.

"Mi kuke yi can, tunda kun ce babu magani?"

"Gwaji muke, Baba. Akwai wasu ƙwayoyin jiki da ba su riga sun zama komai ba, kamar laka ce da aka kwaɓa ba a gina ba. Su muke sawa a lakar bayan dabba mai ciwon, ko za su tallafi jijiyoyin da suka rage."

"Wace dabba?"

"Ɓeraye. Farare."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Suwaiba, zo ki ji! Abokan gabata ne ke mani jinya!"

Matarsa Suwaibatu ta leƙo daga madafa. "Ai sai ka je ka ba su haƙuri, Malam."

"Baba, ba a kai ga mutane ba tukuna," in ji Mansura. "Kada ka ɗora rai."

Amma ya ɗora. Ta nuna masa hoton wani a wayarta, ƙarami, jajayen idanu, yana jan ƙafafun baya a ƙasa yadda shi yake jan nasa. Barau ya daɗe yana kallo. Dariyar ta tafi.

Washegari ya sa aka kwashe tarkunan gidan. Sannan ya sa aka ɗauke shi aka ajiye gindin rumbunsa, wanda ya fi kowanne kyau, ya ce a huda masa ƙofa daidai faɗin yatsu biyu. Suwaibatu ta yi faɗa, ta ce abincin shekara ne a ciki. Ya ce, "Ɗan'uwan ɓerayen nan na can ya ɗauki ciwona. Ba zan ci ni kaɗai ba." Ita ta huda, tana kuka, domin hannunsa ko tsinke ba ya riƙewa.

Daga nan duk kiran waya tambaya ɗaya ce: "Ya tashi?" Wata rana Mansura ta ce ɓeran ya motsa ƙafa. Barau ya sa aka raba goro. A lokacin harshensa ya soma nauyi, magana tana fita kamar daga ƙasan rijiya.

Kusa da kaka ta zo da kanta. Ya tambaye ta da ido. Ba ta iya yi masa ƙarya ba.

"Ya daɗe fiye da 'yan'uwansa, Baba. Amma bai tashi ba. Da ya kasa cin abinci muka hutar da shi, muka duba lakar bayansa mu ga abin da ya faru."

Barau ya juya ido wajen rumbu. Da ƙyar aka ji abin da ya ce: "Ya riga ni."

Bai ga an ɗaure dawar bana ba. Allah Ya jiƙansa.

Ƙofar tana nan. Magina sun zo gaisuwa, babu wanda ya yarda ya taɓa aikin Barau ko da da curi ɗaya, Suwaibatu ma ba ta nemi a toshe ta ba. Hatsi yana zuba kaɗan kaɗan. Ni mai ba ku labarin nan na je gidan da rana tsaka, gari ya yi tsit, ta ɗaga mani hannu kada in yi magana. Daga cikin rumbun wani abu yana motsi a kan zangarniya. Ba gudu yake ba irin na ɓera. Jan jiki yake, a hankali, ya tsaya, ya sake ja.