Anaruwa, Sunan Da Kaka Ta Sa Mini

Jiya a Filinge malamin lakwal, makarantar bokon ɗana, ya tambayi sunana. Na ce Anaruwa. Ya ce bai taɓa jin mai shi ba.

Kakata ta sa mini shi. Duk ruwan fari sai ta jawo ni ƙofar ɗaki, ƙasa na ƙamshi, hannunta na warin daddawa, ta ce, "Ana ruwa anka haihe ka, rufi na zuba, ina tare maka da faifai."

Yau 'yan bindiga sun watsa garinmu wajen Abala. Wa zai kuma dubi sama ya raɗa wa ɗa suna? Ko kabarinta ba ma iya zuwa.

Allah ya kai mata ruwan rahama can inda muka bar ta.