Katin da Ya Ce wa Yayata Lafiya Lau

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Yaya Balaraba, kuma har yau idan na bi ta titin Al Rigga a nan Dubai na hango shagon gyaran jikin da ta yi aiki, sai in tsallaka ɗaya gefen titi. An canza wa shagon suna, an canza fenti, yanzu ma wayoyi ake sayarwa a ciki. Duk da haka tsallakawa nake yi.

Yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta fara zuwa Dubai bayan rasuwar mijinta, ta bar 'yarta tilo, Hafsat, a hannun mahaifiyarmu a Kano. Lalle take yi, kuma Allah ya ba ta hannu, matan Larabawa har rigima suke a kan wadda za ta fara zama gabanta. Ita ta jawo ni daga baya, na zo ina sarin abaya da turare ina aikawa gida. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Hor Al Anz, a wani gida da aka yanyanka da katako, mu da wasu mata daga ƙasashe daban-daban. Idan ɗaya ta yi atishawa, duk gidan sai ya ji.

A cikin matan akwai Jenelin, 'yar Filifin, abokiyar aikin Yaya, mai gyaran farce. Yarinya ce mai kirki, ba ta da mugunta ko ta ƙwayar zarra. Ita ce ta sayo wasu katuna masu hotuna da ake kira tarot, tana koyon fassararsu a waya. Da farko na ɗauka karta ce, har na tambaye ta ko za ta koya mana mu riƙa rage zaman ranar hutu. Ashe katunan duba ne. A ɓoye take fito da su, don dokar ƙasar nan ba ta wasa da masu duba, mu kuma mun san abin da addininmu ya ce a kai. Amma hotunan suna da jan ido, kuma mace idan tana baƙunta, kaɗaici kan sa ta leƙa abin da a gida ko kallonsa ba za ta yi ba.

Har yanzu ina tuna wasu daga ciki. Akwai Wawa, wani saurayi da ƙunshin kaya a sanda, yana tafiya kansa a sama, ƙafarsa a bakin rami. Wai sabuwar tafiya yake nufi. Akwai Hasumiya, wadda tsawa ta faɗa wa, mutane suna zubowa ƙasa. Wai rushewar abin da aka gina. Akwai wani da aka rataye ta ƙafa ɗaya, fuskarsa ko a jikinsa; wai haƙuri da jira. Sai wanda duk gidan ke tsoro, ƙwarangwal cikin sulke a kan farin doki. Jenelin takan yi saurin cewa ba mutuwa yake nufi ba, ƙarshen wani abu ne da farkon wani. Yaya takan ce, "Habibti, ƙawata, ajiye shi can dai, ko a fastar bango ba na son wannan bawan Allah." Dariya muke yi sosai a lokacin.

Ana nan sai Yaya ta ji wani ɗan ƙululu a mamanta na hagu, kamar ƙwallon dabino. Ni kaɗai ta faɗa wa. Na ce mu tafi asibiti, ta ce sai an gama hidimar bukukuwa. Aka gama, ta ce sai bayan azumi. Na san abin da ke ranta. A tsakanin ma'aikata irinmu akwai maganar da ke yawo, cewa duk wadda aka samu da ciwo za a soke mata biza a sa ta a jirgi. Gaskiyar ita ce wasu cututtuka ne ƙalilan masu yaɗuwa ake nema a gwajin biza, kuma nata ba ya ciki. Na kawo mata wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinmu ta yi mata bayani. Yaya ta saurara, ta yi godiya, ta ba ta shayi, ta raka ta har bakin lif. Da ta dawo sai ta ce min, "Rabi, idan aka kore ni wa zai riƙe Hafsat?"

Wata Juma'a bayan mun ci abincin rana, na fito daga wanka na tarar da su a tsakar ɗaki, Jenelin ta baza katunanta a kan bargo. Yaya ta rufe ido ta zaro ɗaya. Na san tambayar da ta yi a zuci. Ni kuwa ina gefe ina ta astagfirullah. Ƙwarangwal ɗin nan nake jira.

Sai ga Rana. Wata ƙatuwar rana mai fuskar mutum, ga furanni a jere, ga wani jariri a kan doki ya buɗe hannuwa yana dariya. Jenelin ta yi tsalle ta rungume ta. Ta duba wayarta don ta tabbatar, ta karanto mana: farin ciki, nasara, ƙoshin lafiya. Ta ce duk cikin katunan babu wanda ya kai shi alheri.

Yaya ta juyo ta dube ni, fuskarta fes, irin yadda na daɗe ban gani ba. Ta ce, "Kin gani ko? Shi ke nan. Ki daina damuna da zancen asibiti."

Na ce, "Yaya, takarda ce fa, a kanti aka sayo ta."

Ta ce, "Na sani mana. Wasa ne."

Wasa ne, amma daga ranar ta koma cin abinci da kyau, ta koma barci, ta koma tsokanar kowa. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ta yi kunnen uwar shegu, ko ta ce jaririn nan mai doki ya fi ni fara'a. Na yi faɗa, na yi kuka, na haɗa ta da mahaifiyarmu a waya, Yaya ta lallashi tsohuwar da daɗin baki. Haka watanni suka yi ta wucewa, har ranar da hannunta na hagu ya kumbura ta kasa riƙe ƙunshin lalle. Da ƙafarta ta je asibiti a ranar. Babu wanda ya soke mata biza, babu wanda ya ɗaga mata murya. Likitar dai ta daɗe tana kallon hoton da aka ɗauka, sannan ta tambaye ta me ya sa sai yanzu.

Sankara ce, kuma ta riga ta bazu. Yaya ta zaɓi ta koma Kano kusa da 'yarta, na bi ta. Jenelin ta raka mu filin jirgi tana kuka kamar ranta zai fita, ta ce ta zubar da katunan a shara. Yaya ta shafa kanta ta ce ba laifinta ba ne. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, ta riƙe min hannu ta ce, "Rabi, ni ba katin nan ne ya ruɗe ni ba. Wanda zai ce min lafiyata lau nake nema, kuma na samu. Da ƙwarangwal ɗin nan na zaro, wallahi da a ranar na ruga asibiti." Ba ta daɗe ba bayan haka rai ya yi halinsa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. A zamaninta sai an rufe ƙofa ake fito da katunan. Yanzu suna cikin kowace waya. Za ka ga hannuwan wata mace da zobba, da kyandir a gefe, tana cewa zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, saƙonka na yau yana ciki. Na ga 'yan matanmu a jirgin ƙasa na metiro, da hijabinsu da komai, suna kallo suna murmushi. Kusan kullum saƙon mai daɗi ne, don masu yin abin sun gane babu mai komawa wurin wanda ya tsorata shi. Ina jin Yaya da farko dariya za ta yi, ta ce an mayar da boka ɗan aljihu. Daga nan sai ta daina dariyar, don ta san daɗin wannan maganar da kuma inda take kai mutum.

Ba don cikar shekaru kawai na ɗauki alƙalami ba. Hafsat ta girma, ta gama karatu, yanzu tana nan Dubai tare da ni, tana aikin karɓar baƙi a wani otal. Kamar uwarta ta yi kaki, har da dariyar. Makon jiya muna ninke abayoyi ta ce min, kamar ba komai ba, wai ta ɗan ji wani abu a ƙirjinta tun kafin sallah. Kafin in buɗe baki ta miƙo min waya tana cewa, "Anti, kada ki tada hankalinki, duba abin da ya fito min yau." Ga rana mai fuska, ga furanni, ga jaririn nan a kan doki da hannuwa a buɗe.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Hafsat tana ƙarama lokacin da uwarta ta rasu, abin da ta sani kawai shi ne ciwo ya yi ajalinta. A ranar na ba ta labarin Juma'ar nan daga farko har ƙarshe, har da maganar da Yaya ta yi min a kan kunu. Ta yi kuka, sannan ta ce, "Anti, idan aka ce akwai wani abu, aikina fa?" Tambayar uwarta sak. Na ce mata, "Aikin ya ci ƙaniyarsa. Yalla, maza ɗauko mayafinki."

Lallen da Yaya ta zana wa mata ya goge tun tuni, shagon ya zama na wasu, Jenelin ma ta koma ƙasarsu. Abin da ya rage min nata shi ne wannan yarinya, da maganar da ta faɗa min tana kwance, wadda ta fi ta duk wani mai wa'azi tsaya min a rai. Allah ya yafe mata leƙen da ta yi, ya sa jinyarta ta zama kaffara, ya haskaka makwancinta.

Shekaranjiya muka koma asibiti aka ɗebi ɗan naman wurin don a gwada. Sakamako bai fito ba tukuna, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro nake ji irin wanda ban ji ba tun rasuwar Yaya. Da aka kira sunan Hafsat ta miƙe, ta ajiye min wayarta a cinya ta shiga. Ina zaune sai wayar ta yi ƙara, wai katinta na yau ya iso, a taɓa a gani. Na kife ta a kan cinyata, na zuba wa ƙofar likita ido.