Shekara Ɗaya Ta Ishe Shi

Merv Tolhurst askin tumaki ya yi ta yi har bayansa ya ƙi. Da gobarar daji ta cinye gidansu a Gippsland, can ƙasar Ostareliya, ƙaramar hukuma ta ba shi izinin sake gini, shi kuwa ya fara da rumfar kayan aiki, kamar kowane namiji a yankinmu. Shi da matarsa Glenys suka tare a ciki, wai na ɗan lokaci. Gida ya tsaya a ginshiƙai ba rufi, don Merv sai ya wuni yana auna katako ɗaya bai yanka ba.

Wa'adin izinin ya zo ƙarewa. In ya ƙare, sabuwar dokar gobara ba za ta bari a yi gini a bakin dajin ba. Ƙarin wa'adi kuma ganin damar hukuma ne, ba dole. Hankalin Merv ya tashi ƙwarai.

Jami'ar da aka turo, Danica Vella, ta zagaya ginshiƙan, ta leƙa rumfa.

"Mista Tolhurst, rumfar nan ta fi ofishina kyau. To ina gidan?"

"Yana tafe, 'yar nan."

"Tun kina makaranta yake tafe," in ji Glenys, tana zuba mata shayi.

Danica ta yi dariya, ta ce tana da ikon ƙara shekara uku, kuma za ta ƙara. Merv ya rasa bakin godiya, har da cire hula.

"A'a, ki ba shi shekara ɗaya," in ji Glenys. "In kika ba tsohon nan uku, ukun zai cinye. Ni kuwa ɗaya likita ya ce ta rage mini a duniya, kuma a ɗakina nake so in kwanta."

Merv ya san da maganar, sai dai bai taɓa yarda a faɗe ta a fili ba. Danica ta dubi Glenys, ta rubuta ɗaya.

Kafin sanyi ya shigo rufi ya hau. Ƙofar ɗakin kwana ta ɗan karkace, ya bar ta haka. Glenys ta yi wata bakwai a ɗakinta.

Yanzu in ana zagin hukuma a gabansa, abin da ba ma gajiya da shi, sai ya girgiza kai ya ce, "Ban da yarinyar nan. Da ta ba ni ukun da na so, da a rumfa matata ta cika."